Goggo Rifkatu da Kasuwar Ƙorafi

Duk wanda ya san Goggo Rifkatu ya san ba a yin ƙorafi a gabanta a tashi lafiya. Da ka ce, "Kai, abin nan ya ishe ni," sai ta ɗaga yatsa: "Tsaya! Ku nawa ne abin ke damu?" A ganinta, duk damuwar da ta kama mutane da yawa sana'a ce ke jiran wanda zai tallata ta a intanet.

Yayar babana ce. Bayan ta yi ritaya daga koyarwa, ɗanta Yaya Bitrus ya matsa sai ta bar gidanta na Federal Low-Cost ta koma wurinsa a Abuja. Kuskurensa ɗaya: ya ce mata, "Mama, ai ba abin da kike yi a Gombe." Washegari ta sayi babbar waya.

Ta fara da matan majami'a. Wata ta yi kukan iska na tuge mata ɗankwali a cikin keke. Nan take Goggo ta ɗinka ɗankwali mai roba da ke zagayowa ta ƙarƙashin haɓa. Ta ɗaura, ta sa ni na ɗauke ta hoto, ta watsa a kowane zauren hira na waya da take ciki. Kafin azahar saƙonni sun cika wayar.

"Ka gani ko? Karanta mini, idona ya gaji."

Na karanta: "Sannu Mama, haƙori ne? Allah ya sawwaƙe."

Duk haka suke. Har wata ta aiko da maganin gargajiya. Goggo ta kwance ɗankwalin a hankali ta ce, "To. Ashe masu ciwon haƙori ne abokan cinikina."

Daga nan ta koma tashar mota a Bolari, ta wuni a kan benci tana sauraron matafiya. Ta gano cewa idan aka cusa fasinja a mota, rabin kujera kawai yake samu. Sai ta ƙirƙiro rabin matashi. Ta shiga motar Kaltungo don ta gwada a bidiyo, direba ya leƙo.

"Mama, wannan fa ya ci wurin mutum."

"Rabi ne, ɗana!"

"Ai ke ma rabi kika biya wa."

Ta sauko, amma ba ta tafi ba sai da ta tambaye shi ko direbobi nawa ne ke fama da fasinjoji masu gardama.

Muna dariya, ita ko a jikinta. Yaya Bitrus kuwa ya sa ranar zuwa ɗaukarta. Ina zaune ya kira, ta buɗe muryar wayar kamar yadda ta saba.

"Mama, ki gane. Ina nesa, ba ni da wanda zai riƙa leƙa ki. Hankalina ba ya kwanciya."

Na ga yatsan ya tashi.

"Tsaya! Ku nawa ne?"

"Mu wa?"

"Ku 'ya'yan Gombe da kuka bar tsofaffi a gida, hankalinku ba ya kwanciya."

Wallahi a nan ta dace. Ta yi talla da muryarta ta aji: duk mai tsoho a Gombe, za ta je ta gaishe shi, ta duba maganinsa da tukunyarsa, ta aiko da rahoto. Mutane suka yi ta kira daga Legas, daga Fatakwal, har daga ƙasar waje. Rahoton nata kuwa babu kara. Na ji wanda ta aika wa wani likita daga gidan mahaifinsa a Manawashi: "Babanka lafiyarsa lau. Ƙwayar hawan jini tana nan cif, ko ɗaya bai taɓa ba. Kilishi na ƙarƙashin matashi." Ana jiyo Alhajin daga baya yana cewa, "Malama, tsakani da Allah, ni na aike ki?"

Tsofaffi suka riƙa ɓoye sukari da zarar sun ji sallamarta. Ranar da ba ta zo ba kuma, su ne ke aikowa a ji ko lafiya.

Da Yaya Bitrus ya iso da mota, bai same ta ba, tana zagaye. Ya jira har la'asar. Da ta dawo ta zayyana masa gidajen da za ta shiga gobe, ta ce ya nuna mata wanda za ta bari. Sai ya ce, "To Mama, ni ma ki samo mini wanda zai riƙa leƙa ki."

"Na karɓi aikin," in ji ta.

Tun daga lokacin, kowace Asabar yana samun saƙon murya: "Na leƙa mahaifiyarka. Ta ci abinci, ta sha magani. Ta ce a gaishe ka, kuma a ƙyale ta."

A ɗakinta ta cika, a gidan da ta ƙi bari. Ranar jana'izarta, tsofaffin da take wa faɗa suka zo da sandunansu, Musulmi da Kirista, suka cika rumfa. Allah ya ba Goggo hutawa, ya duba mana waɗanda ta bari, ya ba Yaya Bitrus haƙurin Asabar ɗin da wayarsa ba za ta yi ƙara ba. Amin.