Takardar da Mai Gurasa Ya Nema

Shekara huɗu na yi a Doha ina karanta wasiƙun matattu. Na ajiye koyar da tarihi a gida, na zo wani gidan adana tsofaffin takardu inda aka jibge fayilolin Turawan Ingila na zamanin da suke juya wannan yanki yadda suka ga dama. Kowane fayil in karanta shi tas, in rubuta layi biyar a kan abin da ya ƙunsa, in jera sunayen da ke ciki. Shugaban sashe ya sa hannu, sannan a ɗora a intanet kowa ya gani. Kafin ya sa hannun nan, mu ma'aikata ko hoton shafi ɗaya ba mu isa mu fita da shi ba.

A shekarata ta biyu aka ba ni kwalayen Yaƙin Duniya na Farko, na ƙananan jakadun da suka zauna a kudancin Iran. Can akwai mutanen da ake kira Bakhtiyari. Makiyaya ne na kan duwatsu, suna hawa da zafi suna sauka da sanyi kamar Fulaninmu na tashi, sai dai su kowane gida da bindigarsa, kuma sarakunansu ba a yi musu tsawa. Bututun man Ingila ta ƙasarsu ya ratsa. Jakadan Ingila yana so su yi masa gadinsa, na Jamus yana so su fasa shi. Sai kowanne ya bi sarakunan tanti tanti da agoguna da bindigogi da alkawuran da ya san ba zai cika ba. Sarakunan su karɓi na wannan hannu bibbiyu, su karɓi na wancan hannu bibbiyu, su ce za su shawarci 'yan'uwa. Daga nan jakada ya koma masauki ya rubuta wa manyansa cewa mutanen nan ba su da amana. Mutum ya taso tun daga wata uwa duniya ya zo sayen sarakunan wasu, da ya tarar an riga shi tayawa sai ya hau wa'azin amana. Ban taɓa karanta rashin kunya mai tsabtar rubutu irin wannan ba. Su ma sarakunan ban ga abin yabo a wurinsu ba, don duk cinikin nan a kan wuyan talakawansu ake yinsa.

Shugaban sashenmu Baturen Ingila ne, shi ma tsohon ƙaramin jakada ne, ya yi ritaya ya rasa inda zai kai kansa sai nan. In ya ɗauki wasiƙun nan har lumshe ido yake yi, ya ce in dubi yadda magabata suka iya ƙera jimla. Jimlar kam sun iya.

A unguwar Old Airport nake zaune, kuma a ƙarshen layinmu akwai wani tsoho ɗan Iran mai gasa gurasa a tanderu. Hannunsa babu gashi ko ɗaya, wuta ta cinye. Ni in ce masa Baba, shi ya ce mini Ustaz, muna haɗa Larabcinmu mai ɗingishi muna fahimtar juna. Wata safiya na yi suɓul da baka na ba shi labarin abin da nake karantawa. Sai ya riƙe gurasata bai miƙo ba.

"Ustaz, ka ce Bakhtiyari?"

"Su fa, Baba."

"Ai ni ne Bakhtiyarin."

Ya sallami sauran masu saye, ya janyo mini kujerar roba. Kakansa, in ji shi, shi ne magatakardan ɗaya daga cikin sarakunan nan, shi ke karanta masa wasiƙun jakadu ya rubuta amsa. Ana tsakiyar yaƙin sai magana ta bazu cewa yana kai wa jakadan Ingila asirin sarki. Sarki ya sa aka harbe shi, aka binne shi a bayan katangar maƙabarta. Tun daga ranar duk wanda ya mutu a gidansu can ake kai shi, har mahaifinsa.

"Mahaifina ya rantse mini ƙarya ce," in ji shi. "Amma dattawan garinmu sun ce rantsuwar ɗa ba shaida ba ce. In akwai takardar Bature da hatiminta, za su duba. Kafil, wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar nan, ya sayar da shagon nan, wata biyu ya rage mini in koma gida gaba ɗaya. Ina so in na mutu a shigar da ni ciki."

Ya rubuta mini sunan kakan da na sarkin a jikin takardar naɗe gurasa. Na ce zan duba, a raina kuwa ban sa ran komai ba, don jakadun nan sun fi yawan ambaton alfadarinsu a kan bayin Allah irin wannan.

A mako na uku na same shi. Sunan nan, da na ubansa, da na sarkin, babu kuskure. Jakadan da kansa yake ba manyansa labari. Ya aika wa magatakardan kyauta sau biyu, magatakardan ya dawo masa da ita. Duk lokacin da aka kusa ƙulla yarjejeniyar gadin bututu, sai ya raɗa wa sarki cewa kada ya sa hatimi. Don haka jakadan ya sa wani ɗan korensa ya baza a kasuwa cewa magatakardan yaron jakada ne. Ya ƙara da cewa dabarar ta ci, har ta zarce yadda ya zata, kuma yanzu sarki ya fi sauƙin magana. Duk wannan layi huɗu ne. Abin da ke binsa koke ne a kan ganyen shayin da aka aiko masa ya jiƙe a hanya, kuma koken ya fi layi huɗun tsawo.

Na tashi na shiga banɗaki na wanke fuskata. Na ji tsanar mutumin da ya mutu tun ba a haifi mahaifina ba.

To, yanzu ga takarda a hannuna, ga tsoho yana jira, amma fayil bai kai layin sa hannu ba, kuma a yadda ake tafiya sai bayan wata shida. Dole in roƙi shugaba alfarma. Ni kuwa yadda aka tarbiyyantar da ni, ƙarami ba ya tarar babba tsaye a ofis ya ce yi mini kaza. Ana yin kamun ƙafa. Ka nemi dattijon da ake jin kunyarsa ya yi maka jagora, ka riƙe ɗan abin gaisuwa, ka je gida. Ban ma tsaya tunanin wata hanya ba.

Na je wurin wani babban likita ɗan garinmu, wanda ya shekara ashirin a Doha, duk wata matsalar 'yan Arewa a falonsa ake kashe ta. Na san ya taɓa duba matar shugaban namu. Ya saurare ni, ya gyaɗa kai.

"Malam, wannan ai aikin lada ne. Ranar Asabar mu je. Me za ka riƙe masa?"

"Akwai kilishin da aka kawo mini daga gida, ranka ya daɗe. Da wani tumtum na fata."

"Ya yi. Ka bar mini maganar, kai dai ka yi shiru."

Ranar Asabar da hantsi muka sha manyan riguna muka nufi gidan shugaban a unguwar Al Aziziya. Ya buɗe ƙofa da gajeren wando da tiyon ban ruwan fulawa a hannu, yana kallonmu kamar mun ɓata hanya. Likita ya yi gaisuwa ta tsari, ya tambayi lafiyar uwargida, ya yabi lambu, ya yi ta kewaye-kewaye har kusan rabin awa kafin ya sauko kan magana. Ni kuma na tura kilishi da tumtum gabansa, na sunkuyar da kai kamar ango.

Bature ya dubi kayan, ya dube ni. Fuskarsa ta ƙara ja a kan jan da Allah Ya yi mata. Ya ce yana girmama al'adunmu ƙwarai, amma ba zai iya karɓar kyauta daga ma'aikacin da ke neman a karya masa doka ba, kuma ya zama dole ya sanar da hukumar gidan. Ya ce a tsawon aikinsa na jakadanci bai taɓa bari kyauta ta shiga tsakaninsa da gaskiya ba. Wannan mutumin da ke lumshe ido in ya karanta yadda magabatansa suka loda wa sarakuna bindigogi a kan alfadarai, shi ne kilishina ya girgiza wa imani. Har mota ya rako mu da tumtum ɗin, yana riƙe da shi nesa da jikinsa.

A hanya, da muka tsaya a danja, likita ya juyo ya dube ni.

"Malam, ka yi haƙuri. Ni ma ban taɓa gani ba."

Ranar Lahadi, wadda a can ranar aiki ce, da na isa ofis an riga an ɗauke kwalin daga teburina. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka ce an kulle fayil ɗin har sai kwamiti ya zauna ya tabbatar ban taɓa komai a ciki ba. Kwamitin kuma sau biyu yake zama a shekara.

Wata abokiyar aikina 'yar Sudan ce ta ƙarasa ni a wurin shan shayi.

"Don Allah me ya kai ka gidansa? Ai akwai fom. Duk wanda ke neman takardar da ta shafi danginsa sai ya cike, a buga masa kwafi da hatimi cikin kwana uku. Ko shugaba ba ya bi ta kai."

"Wane fom?"

"Yana nan a teburin karɓar baƙi, kullum ta gabansa kake wucewa."

Na sauka na gan shi, shafi ɗaya tal. Na ce to yanzu fa, in tsohon ya cike? Suka ce fayil ɗin da ke gaban kwamiti ba a bayar da shi ga kowa, khalas, magana ta ƙare. Shekara biyu ina raina jakadu saboda sun shiga ƙasar mutane ba su tambayi yadda ake yi ba, ga ni da digiri uku na yi irin tasu. Da na buɗe baki na tambayi mai gadin ƙofa ma, da ya nuna mini.

Kusan wata guda ina sayen burodin leda a kanti don kada in bi ta gaban tanderu. Ana jibi zai tafi na daure na je. Na riga na rubuta abin da na tuna na wasiƙar da hannuna, da Turanci da Larabci, na sa sunana da muƙamina a ƙasa. Na gaya masa komai, har da kilishin. Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ce in karanta masa, na karanta. Ya ce in sake, na sake.

"Sau biyu ya mayar da kyautar?"

"Sau biyu, Baba."

Ya juya ya fuskanci tanderu ya daɗe, gurasa biyu suka ƙone yana kallo. Da ya juyo ya karɓi takardar, ya duba gaba da baya yana neman hatimi, sannan ya miƙo mini abata.

"Ustaz, da maganar baƙo aka kashe shi, ba takarda. Yanzu in je musu da maganar wani baƙon, ba takarda? Za su ce nawa na biya ka."

Ya rubuta mini lambar babban ɗansa, wanda aka haifa a nan Doha yake aiki a wani birni can Iran, ya ce in ta fito in aika. Ya naɗe mini gurasa biyar ya ƙi karɓar ko sisi.

Kwamiti ya zauna bayan wata bakwai, ya wanke ni cikin minti goma. Shugaba da kansa ya rubuta layi biyar ɗin fayil. Ya ce ya ƙunshi tattaunawar gadin bututu da sauyin da aka samu a fadar wani sarki. Ban ma tsaya jin haushinsa ba. Na cike fom, na karɓi kwafi da hatiminsa ja, na ɗauki hoto na tura wa ɗan, sannan na kira shi.

Ya gaishe ni da ladabi, da Larabcin Doha tsantsa. Ya ce mahaifinsa ya rasu cikin azumi, kuma ya bar wasiyya a kai shi ƙauye kusa da iyayensa, an kai shi. Na yi masa ta'aziyya. Na tambaye shi ko a cikin maƙabarta aka sa shi.

"A'a, a bayan katanga, can ne wurin gidanmu. Baba ya ce ciki ne ya cika tun da daɗewa." Na ji yana taɓa wayar. "Ustaz, wannan takardar da ka turo, ta mece ce? Na ga sunan kakan Baba a ciki. Mu dai ya ce mana zazzaɓi ne ya kashe shi."