Kalmar da Na Sa Baba Ya Soke

Matso kusa, mai karatu, maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce. Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, kuma tun lokacin akwai abin da ko da maigidana ban taɓa zama mun yi maganarsa ba.

Baba mutumin kara ne. Tun yana saurayi yake cikin shanu a kasuwar Wudil, ya buɗe bakin sa ya duba haƙora ya faɗa maka shekarunsa. Da ciwon ƙoda ya matsa masa, maigidana, wanda ke harkar kaya a nan Dubai, ya kawo shi neman magani. Wata biyar ya yi a gidanmu na Muraƙƙabat, hawa na huɗu. Mutumin da ya saba da fili, sai ga shi in ba asibiti ba to bakin taga.

Maƙwabcinmu ne ya ɗebe masa kewa, wani dattijon Bature ɗan ƙasar Latbiya mai suna Andris, da ke aiki a wata gonar madara can wajen gari. A lif suka haɗu. Baba ya hango hoton saniya a wayarsa, ya ƙi fita sai da aka nuna masa sauran. Daga ranar ya mayar da shi Malam Idirisu, shi kuma ya amsa.

Ba mai jin yaren wani. Duk ranar hutun Malam Idirisu sai ya shigo bayan la'asar, ya nuna hoto, ya faɗi sunan da Turanci, ya faɗa da yarensu, Baba ya faɗa da Hausa, sannan ya rubuta duka ukun da ajami a wani ɗan littafi. Ni ina kicin ina haɗa shayi. Makaranta a aji huɗu na tsaya, amma kunnena ba ya zubar da magana. Saniya, kau, guwobs. Maraƙi, kaf, telsh. Madara, milik, fiyens. Ranar da Baba ya ji bijimi bul ne da Turanci, bullis da yarensu, dariya ya yi har da tari, ya ce, "Dije, ashe waɗannan wa da ƙane ne."

To, wata Juma'a abokan maigidana suka zo cin abinci da matansu. Hira duk ta kwantena ce da tashar jiragen ruwa ta Jabal Ali da biza, rabi Hausa rabi Turanci, ana yayyafa yalla da khalas na Larabawa. Baba na gefe, ba wanda ya sa shi a ciki. Can ya zaro littafinsa ya ce, "Ai ni ma na fara Turancin nan. Kun san karsana? Haifa suke ce mata."

Wani Alhaji ya ajiye cokali ya ce, "Baba, karsanar da ba ta taɓa haihuwa ba ita ce haifa? To wadda ta haihu fa, juya za su ce mata?" Falo ya ɗauki dariya. Na ga matan suna kallon juna, na ji fuskata ta yi zafi. Maimakon in yi shiru sai na ce, "Baba, kunnenka ne. Hausarka ka ji a bakin Bature. Ka bar zancen shanun nan, nan ba kara ba ce."

Ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "To, ke kika fi ni zama cikinsu." Ya mayar da littafin aljihu.

Daga nan in Malam Idirisu ya ƙwanƙwasa, sai Baba ya ce in gaya masa jiki ya ƙi. Ni kuma na riƙa faɗa, har ina jin daɗin an huta. Bayan wata guda Baba ya koma gida Wudil, bayan wata biyu aka bugo mana ya rasu.

Malam Idirisu ya shigo ta'aziyya. Ya buɗe waya ya nuna wa maigidana hoton wata 'yar budurwar saniya, ya ce, "Karsana." Tsaf ya faɗa, da irin jan harshen Baba. Sannan ya ce da yarensu, "Tele." Sannan ya ce, "Haifa." Ina tsaye da faranti a bakin ƙofa. Daga baya na sa 'yata ta duba, ta ce haka ne, Umma, da Turanci sunan saniyar da ba ta haihu ba ke nan, kalmar dai ta yi kama da tamu ne a kunne.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Yanzu waya ake yi wa magana ta juya ta zuwa kowane yare, kuma na tabbata da ya gwada ta da sunayen shanu irin su takarkari da gudale don ya ga ƙaryarta. Jikokinsa na nan kuwa madara a kwali suka sani, sa da saniya duk kau ne a wurinsu. Ba na jin zai yi fushi. Zama zai yi ya fara da su daga farko, don shi bai taɓa jin kunyar tambaya ba. Ni ce na ji kunyarsa a gaban mutanen da yau rabinsu ban san inda suke ba.

Bai bar gida a birni ba, shanun ma an raba an sayar. Abin da ya rage min shi ne kalmomin nan da ke zuwa bakina in ina dama fura, da littafin, wanda na tsinta a ƙarƙashin katifarsa bayan ya tafi. Bai ɗauke shi ba. Shafi goma sha ɗaya, rubutu tsaf, kalma ɗaya kawai aka ja wa layi, har biron ya huda takarda.

Makon jiya yayana Sani ya bugo daga Wudil, ya ce in aiko littafin a karanta wa jikoki ranar addu'ar shekara. Su a can sun san ni ce 'yar da ta yi jinyar Baba, kullum albarka suke sa min. Yaya Sani yana karanta ajami, kuma ba ya wuce abu bai tambaya ba. Gobe wata 'yar Kano za ta tashi zuwa gida, littafin na cikin ambulan, ban liƙe ba tukuna. In kai ne, mai karatu, za ka aika shi haka, ko za ka sa takarda a ciki ka faɗi wanda ya sa aka ja layin?