Na Taka wa Ƙanwata Sikeli

A shekarun da abin nan ya faru, hatsi nake sayarwa a Kontagora, masara da dawa da waken soya da ake kawo mini daga Sahon Rami. Ina da ƙaton sikeli a bakin shago, irin wanda ake ɗora wa buhu, kuma duk layinmu an shaide ni ba na tauye awo. Mu biyu ne mata a ɗakinmu, ni da ƙanwata. Tun muna yara ni ce siririyar da ake yabo, ita kuwa ɓuleliya, har buhun gero nake kiranta in ina tsokana. Ban taɓa zaton zan wayi gari ina kishin jikinta ba.

Haihuwa biyar da zaman shago suka sa na buɗe, gwiwoyina suka fara ciwo. Ita kuma aka gano tana da ciwon suga, aka ɗora ta a kan magani, likita ya ce ta rage ƙiba a hankali. Muka ƙulla za mu yi tare. Wata nas ta ce mata ta riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin ta karya, kuma kada ta riƙa canza sikeli. Sai ta zaɓi Asabar, ta zaɓi nawa. Ni kuwa da yake abin yana gabana, sai na mai da shi madubi. In na buɗe shago in hau, in na sha kunu in hau, bayan azahar in cire hijabi in hau, in mayar in sake hawa. Da safe allurar ta sauka in yi ta fara'a, da la'asar ta ƙara kilo guda in ji duniya ta yi mini zafi, in aika a sayo mini masa in huce a kanta, tunda dai wahalar banza nake sha.

Ita ko a jikinta. Ta zo ranar Asabar, ta hau, ta duba, ta ce alhamdu lillahi, ta tafi. Rabin kilo yau, rabin kilo wani makon, wani lokaci ma babu komai, ta yi dariya ta ce sannu ba ta hana zuwa. Wannan dariyar ita ta fi ƙona mini rai. Cikin wata shida wuyanta ya fito, ta kai zannuwanta da riguna aka rage. Da muka je bikin ɗan kawunmu a Nasko, mata suka kewaye ta suna tambayar sirrin, wata gwaggonmu kuma ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe na karɓi buhun geron. Kowa ya yi dariya, har da ni, amma ko taɓa abincin bikin nan ban yi ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya, da ta hau sikeli, na matso bayanta kamar zan taya ta duba allura, na ɗora ƙafata a gefen farantin, hijabina ya rufe. Na danna kaɗan. Ta ga kilo biyu sun ƙaru. Na ce mata haka jiki yake, wataƙila tuwon biki ne. Wallahi na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba. Mako na gaba na sake, na bayansa ma haka, ina ƙara dannawa. So nake kawai ta karaya ta dawo inda nake. Ban san ashe can gida ta yanke karin kumallo ba, ta yanke abincin rana, ga shi tana shan maganinta yadda ta saba, ciki babu komai.

Wata Laraba mijinta ya kira ni, ya ce ta yanke jiki ta faɗi a gaban murhu, hannunta ya shiga garwashi. A asibiti aka ce suganta ne ya yi ƙasa sosai, da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Da ta farfaɗo aka auna nauyinta, aka ga ta zube fiye da yadda ake so. Nas ta fara yi mata faɗa, ita kuwa ta dage wai sikelin asibitin ne ya lalace, domin na Yayarta ya nuna ta ƙaru, kuma Yayarta ba ta cutar kowa a awo. Ina tsaye a gefen gadon da kwanon abinci a hannu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai da ƙunar ta warke na iya gaya mata. Na yi zaton za ta zage ni, da ma hakan ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana kallon tabon hannunta, sannan ta ce da na faɗa mata raguwarta na damuna, da ta jira ni mun tafi tare.

Na rubuto wannan ne don 'yan'uwana mata masu fama da jiki. Nauyin mutum yakan hau ya sauka a yini guda saboda ruwa da gishiri da abin da ke ciki, wanda ya bi shi awa-awa zai haukata kansa a banza, kamar yadda na yi. Ki tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya, ki duba tafiyar makonni, kuma in kina kan magani kada ki yanke abinci sai kin tambayi likita. Abin da ya fi wannan, kada ki auna kanki da jikin wata. Hassada ba ta rage mini ko rabin kilo ba, ta dai kusa raba ni da 'yar'uwata. Ta ce ta yafe mini, na kuma yarda ta yafe. Amma yanzu a kemis take auna kanta, in ta biyo ta layinmu daga bakin hanya take gaishe ni.