Albarushin Kura

Tun shekaranjiya hannuna bai daina rawa ba. Ko ƙyauren langa-langa iska ta buga sai gabana ya faɗi, in saki abin da nake riƙe da shi. Inna ta ce in yi ta addu'a, kuma ina yi. Amma abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne in zauna in tuna Iya, kakarmu ta wajen uba, da wutar karan da take hurawa a gidanmu na Dudunni lokacin muna yara.

In an gama girbi sanyi ya sauko, da an idar da sallar isha'i sai ta jawo guntayen karan dawa ta haɗa wuta a ƙofar ɗakinta, ta binne dankali a toka. Mu kewaye ta, ni da yayana Lawal da 'ya'yan baffanninmu, kowa ya cusa ƙafafu cikin riga. Yaya Lawal take kira maigidanta.

"Maigidan, yau ma ba cefane? Wanga miji dai sai cin dankalin mutane."

Shi kuma ya ce, "Ai sakinki zan yi, tsohuwa. Ba ki da haƙora."

"Sake ni mana, in ga mai kwasarka da wanga kai kamar tulu."

Ni kuwa Uwar Tsoro take ce mini, don ko mage ta gifta sai na ƙanƙame zanenta.

A bangon ɗakin, can bayanta, akwai bindigar kakanmu Baba Tsoho a rataye a ƙusa. Bindigar toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Maharbi ne, ya rasu ina 'yar mitsitsiya. Abin da kawai na riƙe game da shi shi ne hannunsa na dama: ba babban yatsa, ba manuni. In mun tambaya sai Iya ta ce, "Kura ce ta cinye," ta juya dankalinta.

Iya tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai guda da ba ta gajiya da ita. Ba ta buɗe ta kamar yadda kowa yake yi. Sai ta ce, "Ga ta nan ta taho tana ɗingishi, wa zai tarbe ta?" Mu ce, "Mu ne, Iya, ta zo ta zauna."

Wai an yi wani maharbi mai bindiga mai magana. Sun daɗe tare, ya san cikinta, ta san kafaɗarsa. Albarushin garinsu yake ba ta, baƙi ƙirin, mai hayaƙi, kuma ba su taɓa kwana da yunwa ba. Namun daji suka gaji, suka yi taro, kura ta ce a bar mata. Ta yi lulluɓi ta shiga kasuwa ta baza haja. Nata albarushin ba baƙi ba ne, yana ƙyalli kamar an daka tauraro.

A nan Iya take maƙale murya ta zama kura. "Maharbi, maharbi, zo ka gani. Wanga na birni ne. Ba shi hayaƙi, ba shi ɓata riga. Harbi guda, giwa ta durƙusa."

Maharbi ya saya. Da ya zo ɗurawa sai bindiga ta yi masa waƙa:

"Maigida, cikina tsoho ne,
Bai san tuwon baƙi ba.
Ɗaure ni ga icce, ja ni da igiya,
Bari icce ya fara ɗanɗanawa."

Iya takan dakata a nan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji mi ta roƙa? Igiya kaɗai. Maharbin ƙwarai in ya samu albarushin da bai sani ba, ba ya aza bindiga ga kafaɗa. Ɗaure ta yake ga icce, ya koma nesa, ya ja da igiya. Amma wanga maharbi kunya yake ji, kada abokai su ce ya tsorata."

Sai ya aza ta a kafaɗa, ya auna barewa, ya ja kunamar bindigar.

Daidai nan Iya take watsa gishiri a wuta. Ta riga ta ɓoye shi a tafin hannunta tun farko. Wuta ta yi tartsatsi, tas-tas-tas, mu watse da ihu, ni har da kuka. Mun san zai zo, amma ba ranar da bai firgita mu ba. Ita kuwa ta yi ta dariya har da tari. Bindiga dai ta fashe, ta tafi da yatsun maharbi, kura na bayan kurmi tana ƙyaƙyatawa. "Shi ya sa har yau in kun ji ta cikin daji, dariyar nan ce ba ta gama ba."

Daga nan sai ta ce kowa ya kawo hannunsa. Ta kama yatsunmu da hannunta mai ɗumi da ƙanshin hayaƙi, ta bi su ɗaya-ɗaya tana matsawa. In ta zo kan Yaya Lawal sai ta daɗe. "Naka sun cika, maigidan. Ka maido mini su haka nan." Ta saki, ta ce, "Ta tashi ta bi hayaƙi. Ku ɗauki dankalinku."

Iya ta rasu ina sakandare a Kankia. Na gama na dawo gida. Yaya Lawal ya yi aure, ya samu 'ya, yana noma da damina, yana ɗinki da rani. Sai zamani ya juya. Tun da aka fara jin labarin masu kore shanu da ɗaukar mutane, samarin gari suka shiga gadi, kowa da abin da ya samu. Yaya ya sauko da bindigar Baba Tsoho daga ƙusa, ya kai wa maƙeri ya goge ta.

Shekaranjiya da hantsi na kai masa fura a zaure. Na tarar da shi zaune da bindigar a cinya, da wata 'yar leda a buɗe a kan faifai. Abin da ke ciki ba baƙin albarushin da na saba ganin yana shanyawa ba ne. Ƙananan ƙwayoyi ne masu ƙyalli.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya ce wani abokinsa ne ya kawo masa. An tsinci harsasan zamani a daji, aka buɗe kwansonsu aka zazzage. "Irin wanda mutanen can suke harbinmu da shi ke nan. Namu sai hayaƙi da tari. Wannan kuwa, ki bari kawai."

Na tsaya cak da kwanon furar a hannuna. Na ce, "Yaya, albarushin kura ne."

Ya dube ni, ya fashe da dariya. "Ke da aka kai boko har Kankia, tatsuniya za ki kawo mini? Uwar Tsoro, ajiye furar nan kada ki zubar."

"Don Allah, don darajar Iya, ka ɗaure ta a icce."

"Samari su ji na harba bindiga da igiya? Ai na gama yawo a garin nan."

Ba ni da wata hujja. Ban san komai game da bindiga ba, har yanzu ma ban sani ba. Sai kawai na tsugunna a gabansa hawaye na zuba, na rera masa waƙar nan da irin muryar Iya, har da rawar da muryarta take yi a ƙarshe. Ya daina dariya. Can ya ce, "Tashi ki ɗauko igiyar guga. Don dai ki bar ni in sha furata."

Muka fita bayan gari, wajen wani tsohon iccen bedi a bakin gonarmu. Ya ɗura, ya ɗaure bindigar tam a jikin iccen, bakinta na kallon fili. Ya zarga igiya a kunama, muka koma bayan wani suri muka duƙa. Yana ta tsokanata. "Toshe kunne, Hajiya Kura."

Ya ja.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ƙasa ta zubo mana a ka. Da muka ɗago, bindigar Baba Tsoho ta tsage kamar karan da aka taka, ƙotar ta yi kaca-kaca. Wani guntun ƙarfe ya nutse a jikin bedin, daidai inda kuncin mutum yake zama in ya auna. Mutane suka yo gudu daga gari da sanduna, sun zaci masu ɗaukar mutane ne suka shigo.

Yaya ya zauna a ƙasa. Na matsa kusa da shi. Sai na ga na kama hannunsa na dama, ina bin yatsun ɗaya-ɗaya ina matsawa. Bai janye ba. Da na gama sai ya miƙo mini na hagun.

Da yamma Inna ta gaya mini abin da ba a taɓa gaya mana ba. Ba kura ce ta ci yatsun Baba Tsoho ba. Wani ne ya dawo daga tafiya ya ba shi baƙon albarushi, ya ƙi gwadawa a icce, bindigarsa ta farko ta fashe a hannunsa. Iya ce ta ɗaure masa hannun da ɗankwalinta, ta bi jakin da ya kai shi Kankia a ƙafa. Ba ta taɓa yi masa gori ba, ba ta taɓa faɗin laifinsa a gaban jikoki ba. Ta ɗora wa kura, ta zuba mana a kunne tare da dankali.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar bayanin dariyar kura ce. Yanzu na gane Iya ta san bindigar nan ba za ta dawwama a ƙusa ba, ta kuma san wanda zai sauko da ita. Wataƙila ma ta san ba zai tuna ba, shi ya sa take zaunar da matsoraciyar kusa da gwiwarta.

Jiya Yaya ya ciro guntun ƙarfen daga jikin bedin, ya rataye shi a ƙusar da bindigar take. Yanzu haka ina jin ƙarar keken ɗinkinsa daga zaure. Ɗazu ya leƙo da 'yarsa a kafaɗa, ya ce, "Uwar Tsoro, in sanyi ya sauko ke za ki yi mata tatsuniyar nan."

Na ce zan yi. Amma watsa gishirin a wuta, sai ranar da hannuna ya daina rawa.