Tsohon da Ya Nemi "Kwakwa"

Suriani, mai binciken rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Ipoh, tana kallon tsohon da ke gaban teburinta. Rigarsa ta sha guga. Yana rungume da injin fasa kwakwa da ya ƙera. Yatsunsa na dama huɗu ne. Da alama injin ne ya ci ɗaya.

"'Yata, na rubuta 'kwakwa' a kwamfuta, ban ga wanda ya riga ni ba."

"Baba, su ba sa cewa kwakwa. 'Ɗan itace mai tauri' suka rubuta."

Ta juya masa allon. Ga zanen inji irin nasa sak, wani kamfani ya yi rajistarsa bara.

Tsohon ya ɗora hannun nan a kan zanen.

"Waɗannan sun taɓa fasa kwakwa kuwa?"