Ƙyallen da Ya Rufe Idon Makaranta

Mai Labule ake ce mata a layin, kuma sunan ya bi jiki. Shekara ashirin da biyu tana ɗinkin mata a ɗaki ɗaya, keke a gindin taga, teburin yanka a tsakiya, amma ba ta taɓa auna mace ba sai ta saki labule ta tura ƙofa. Awon ma ba ta faɗarsa da baki. In mace ta yi ƙiba, sai dai ta ƙara yadi ta yi gum. Mata kan tsokane ta su ce ko kaza za ta auna sai ta kori zakara waje.

'Ya ɗaya ta rage a gabanta, Auta, mai shirin gama sakandare. Da makaranta ta raba wa ɗalibai kwamfutar zuwa gida, murna wajen uwar ba a magana, har jaka ta ɗinka mata. Auta kan ɗora ta a gefen teburin yanka ta yi karatu, ta bar ta a buɗe ta tashi ta kama wa uwar guga. To ina za ta kai ta? Ɗakin ke nan.

Wata Talata Auta ta dawo ido jajur, wai shugaban makaranta na neman uwarta.

A ofis, shugaban ya juyo mata da tasa kwamfutar. "Mama, kin gani? Lokacin bitar karatu, yarinyar nan guga take yi."

Hoton cikin ɗakinta ne. Ga Auta da dutsen guga, amma ba can idon Mai Labule ya tafi ba. A kusurwa ga ma'aikaciyar jinyar nan da ta shekara goma tana kawo mata ɗinki, hannu a sama, daga ita sai siket na ciki. Labule a sake, ƙofa a rufe. Ashe ɓarawon yana kan tebur!

"Malam, wa ya ɗauki wannan?"

"Kwamfutar ce. Takan ɗauka jefi-jefi ta aiko mana, don tsaro. Ai kin sa hannu a takarda."

Ta sa, ba ƙarya, shafi shida da rubutu kamar sawun tururuwa. Kunya ta rufe ta, sannan ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa ji ba.

Tana isa gida ta yanki baƙin ƙyalle, ta ɗinka wa idon kwamfutar 'yar hula. Bayan kwana biyu makaranta ta karɓe kwamfutar, wai rufe kyamara karya doka ne.

"Umma, don Allah ki haƙura," in ji Auta tana kuka. "Jarrabawa saura mako uku, duk karatuna yana ciki."

"Na sani, 'yar nan. Amma ba ke kaɗai ke tuɓewa a ɗakin nan ba."

Abu mafi wuya shi ta fara yi. Ta je gidan ma'aikaciyar jinyar ta gaya mata komai da bakinta. Matar ba ta yi faɗa ba, ta dai ce "To," ta rako ta ƙofa. Gara ma a ce zaginta ta yi.

Daga nan ta zazzage buhun ƙyallaye ta ɗinka huluna arba'in, ta bi iyayen ajin gida-gida tana raba musu, da tambaya ɗaya: "A ina ɗanku ke ajiye tasa?" Wani ya ce kan gado. Wata ta ce ɗakin da kakarsu ke kwance ba lafiya, sai ta dafe ƙirji tun kafin ta rufe baki.

Ranar taron iyaye da malamai, Mai Labule ta miƙe da tef ɗin awo a wuya, ta dubi shugaban makaranta.

"Malam, riga zan ɗinka maka kyauta. Tuɓe in auna ka."

"A nan? Haba Mama!"

"Af, ashe ka san kunya. Kai ko tambayarka na yi. Mu ba ku yi mana sallama ba."

Dariya ta ɓarke, sannan ta mutu, don iyaye sun fara ɗaga baƙaƙen hulunan ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuta ɗaya ana iya ƙwacewa, arba'in fa? Mai Labule ba ta bar makarantar ba sai da aka goge hotunan tana tsaye tana kallo, aka miƙo mata kwamfutar Auta.

Auta ta rubuta jarrabawarta. Kwamfutar na nan kan tebur da hularta, kuma duk da haka in za a yi awo sai an kife ta an fitar da ita waje.

Rigar ma'aikaciyar jinyar kuwa an gama ta tuni, shuɗiya, tana rataye a ƙusa bayan labule. Wata biyar ke nan ba ta zo karɓa ba. Auta ta ce a aika mata da ita. Mai Labule ta ce a'a, ba a aika riga ba a gwada ba. Duk ƙarshen mako sai ta sauke ta, ta goge, ta mayar.