Haihuwar da Ban Ƙirga Ba

Ƙanshin ɗanyar albasa ne ya cika ɗakin awo a ranar. Lokacin cirar albasa ne, matan da suka zo daga ƙauyuka duk mayafansu sun ɗauke shi, har ya danne warin maganin da muke goge ƙasa da shi. Har yau in na bi ta kasuwar Aliero iska ta kaɗo min wannan ƙanshi, sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Watana huɗu ke nan da turo ni wani ƙaramin asibiti a yankin Maiyama, bayan na gama makarantar koyon jinya. Ba a daɗe da kawo mana kwamfutar hannu ba, mai faɗin littafin rubutu, domin a riƙa shigar da bayanan masu ciki a cikinta. Ni aka tura Jega horon kwana uku, na dawo da ita a jaka ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ina son ta ƙwarai. Ina son ɗan kukan da take yi in ta adana bayani, da yadda take nuna kore in mace ba ta da matsala, ta nuna ja in sai an tura ta babban asibiti. A mota, kan hanyar komawa gida, nakan yi ta tunanin ranar da sunan kowace mace a ƙasarmu zai zauna a wurin da gara ba ta ci, ruwa ba ya jiƙawa.

Babbarmu a ɗakin wata dattijuwar ungozoma ce da muke kira Hajiya, wadda ta fara aiki tun ba a haife ni ba. Kwamfutar ba ta karɓe ta ba. Da yatsa ɗaya take taɓa ta, ta ɗaga tabarau, ta sauke, ta sake nemo harafin. Wata rana na kwaikwayi yadda take yi a gaban abokan aiki, na ce kamar kaza tana tsintar gero. Aka yi dariya. Ina jin ta ji, domin labule ne kawai tsakaninmu. Daga nan muka raba aiki, ni a tebur ina shigar da bayani, ita a bayan labule tana duba ciki.

Wajen hantsi wata mata daga Giwa Tazo ta zauna a gabana, cikinta ya kai wata bakwai, gwaggonta na tsaye a bayanta. Benci cike yake da mata, kowa na jin kowa. Ban ɗaga kai daga allon ba na tambaye ta, da murya sama don in rinjayi hayaniya:

"Haihuwa nawa kika yi?"

Ta yi shiru. Na sake tambaya, har da buga biro a tebur.

"Biyu na, Malama," ta ce, can ƙasa.

Na danna biyu. Kwamfutar ta buɗe gurabe biyu, ta tambayi yadda kowace ta kasance. A gida, lafiya. A gida, lafiya. Ta yi ɗan kukanta, ta nuna kore. Na ce mata tana iya haihuwa a nan wurinmu, ta wuce ciki a duba ta. Na kira ta gaba.

Ban gama da ta gaban ba Hajiya ta leƙo. Ba ni ta fara kira ba, gwaggon ta yafito. Sannan ta ce, "Ɗiyata, taho da allonki."

Matar na kwance, ta juya fuska wajen bango. Hajiya ta ɗan ja zanen ƙasa ta nuna min wani tabo siriri a ƙasan mara, tsoho, ya kusa sajewa da fata. Tabon aikin tiyata ne. Ta dubi gwaggon, ta yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, na wajen tsohuwa hwa, ya girma?"

"Shina nan, har ya hwara bin ubanai gona. Wajen haihuwatai anka yi mata aikin ai, da ƙyar anka samu kanta."

"To ke mi ya hana ki hwaɗi?"

"Wa ya tambaye ni? Malama da madubinta take magana."

Hajiya ta yi ɗan murmushi. Ni ban iya ba.

Haihuwa uku ta yi. Na farin ne, wanda ke hannun kakarsa, ba ta ƙirga ba, domin kunyar ɗan fari. Ba za ta ambace shi a gaban benci cike da mata ba, ko da kuwa a kansa aka tsaga cikinta. Ni kuma na ba kwamfutar biyu, ta yi min tambaya a kan biyu. Da an bi korena, da wannan mata ta zauna naƙuda a ɗakinmu da babu likita babu jini, ko ma a gida, da tsohon ɗinki a mahaifarta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ba baƙuwar wannan al'ada ba ce ni. Ni ce 'yar fari a gidanmu. Kakata ta raine ni a Aliero, kuma har yau mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "waccan". In baƙi suka tambaye ta 'ya'yanta, daga ƙanena take farawa. Na san wannan shirun tun ina goye. Na ji shi a gabana a ranar, na buga masa biro.

Hajiya ta karɓi kwamfutar daga hannuna ta ce in je in sha ruwa. Ta rubuta wa matar takardar zuwa babban asibiti, ta zaunar da gwaggon ta yi mata bayani har sau uku. Da na dawo na tarar da ita a teburina, tabarau a kan hanci, tana neman haruffa da yatsanta ɗaya. Ta daɗe. Na tsaya a bakin ƙofa, na kasa cewa ta kawo in taya ta.

Matar ta haihu a babban asibiti, an sake yi mata aiki, ita da jaririyar lafiya. Ni kuwa na yi makonni ina jiran masu duba aiki su kira ni, domin a horo an gaya mana suna ganin duk gyaran da aka yi. Sun zo, sun tafi, ba wanda ya tambaye ni. Na ɗauka ba su lura ba ne, na ji daɗi, ban kuma ba Hajiya haƙuri a kan maganar kaza ba. Na dai koyi jawo kujera kusa, in kife kwamfutar a cinya, in tambayi mace a hankali ko akwai na wajen tsohuwa.

Bayan shekara uku, Hajiya ta riga ta yi ritaya, aka ba ni izinin duba tarihin bayanai. Na nemo fayil ɗin matar. Gyaran na nan, daga biyu zuwa uku, da sunan Hajiya. A gurbin da ake rubuta dalilin gyara ta sa: "Ni ce babba a ɗakin, ban koya wa yarinyar yadda ake tambaya ba."